Yadda Ake Inganta Na'urar Tsaron Gida da Kare Akwatin Sarrafa Ta Daga Ɓarayi

A yawancin gidajen da ke da na'urar ƙararrawa, an kashe kuɗi a kan kyamarori da sensa, amma akwatin da ke sarrafa komai yana manne a bango dab da ƙofar shiga, inda duk wanda ya ɓalle ƙofar zai yi ido huɗu da shi. Idan aka buɗe ƙofar, na'urar ba ta kururuwa nan take. Takan jira daƙiƙa 30 ko fiye domin mai gida ya danna lambar sirrinsa. Ɓarawon da ya san aikinsa cikin wannan ɗan lokacin yake bin ƙarar "ɗit-ɗit" har ya iske akwatin, ya fizge shi daga bango ko ya rotsa shi da guduma, kafin saƙo ya fita. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu guda suke nema: akwatin ya rayu har ya aika saƙo, kuma kada kowa ya kai gare shi ba tare da ya riga ya tayar da ƙararrawa ba.

Sassa huɗu za ka riƙe a ka. Akwai sensa, masu gano buɗe ƙofa ko motsi. Akwai akwatin sarrafawa, wanda ke ɗauke da allon lantarki da batir. Akwai allon lambobi, inda kake ɗana na'urar ka kuma kwance ta. Sai jiniya da na'urar aika saƙo. Mutane da yawa suna ɗaukar allon lambobi a matsayin akwatin. A tsarin da aka haɗa da kyau abubuwa biyu ne daban, kuma fasa allon lambobi ba ya hana akwatin aikinsa.

Kayan aiki

Mitar auna lantarki mai auna ƙarfin wuta da resista. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, har da ƙarami siriri na ɗaure waya a jikin allon lantarki. Filaya da abin feɗe waya. Injin huda bango da bakunansa. Tsani, tocila, alƙalamin maka da tef na takarda domin yi wa wayoyi laƙabi.

Kayan haɗi

Akwatin ƙarfe mai makulli da maɓallin tamfa guda biyu (tamfa ɗan makunni ne da ke kai ƙara idan an buɗe murfi ko an ɓamɓare akwati daga bango). Sabon batir 12V 7Ah, ko wanda ya fi shi. Kebul ɗin ƙararrawa mai zare huɗu, shida ko takwas. Resistocin da suka dace da samfurin akwatinka. Sensar motsi guda ɗaya ƙari, da maganaɗisun ƙofa (sensar da ke gano buɗe ƙofa) guda ɗaya ƙari, na ɗakin da akwatin zai koma. Na'urar aika saƙo mai hanya biyu, intanet da layin 4G. Bututun ɓoye kebul. Na'urar kare hauhawar wuta. Sai littafin mai haɗawa na samfurinka, wanda ya bambanta da ɗan littafin mai amfani da ake bari a gida. Idan babu shi, lambar samfurin tana jikin allon lantarki ko cikin murfi, da ita ake samunsa a shafin kamfanin.

1. San abin da kake da shi kafin ka taɓa komai

Idan gidan yana da kwangila da cibiyar sa ido (kamfanin da ke karɓar saƙon ƙararrawa ya turo taimako), fara da kiransu su sa na'urar a yanayin gwaji, in ba haka ba za su turo maka jami'an tsaro kana kan tsani. Ka duba kwangilar kuma: wani lokaci kayan na kamfanin ne, ba naka ba, kuma buɗe akwatin da kanka zai iya soke garanti ko ya taɓa sharaɗin inshorarka.

Zana taswirar gidan, ka sa alama a kowace ƙofa, taga da sensa. Ɗana na'urar a yanayin gwajin tafiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta lambar shiyyar da kowace ta nuna (shiyya ita ce layi mai lamba da ake haɗa sensa da shi a akwatin). Sannan buɗe akwatin ka ɗauki hotuna masu kyau daga kusa, yadda za a iya karanta rubutun da ke ƙarƙashin kowane sukuru. Kowane kebul ka manna masa tef da sunansa tun yana ɗaure. Wanda ya tsallake wannan zai wuni da mita a hannu yana neman wace waya ce ta kicin.

Ka tabbatar kana da lambar mai haɗawa. Ba ita ce wadda kake dannawa kullum ba. Ita ce ke buɗe saitin ciki. Idan wanda ya haɗa ya kulle ta kuma ba a samunsa, sau da yawa sauya allon lantarkin ya fi sauƙi a kan kokawa da shi.

2. Yanke shawara: abin da za a bari da abin da za a sauya

Sensa masu waya ba sa tsufa da wuri, kuma kusan kowane sabon akwati zai karɓe su. Ni ban cika shawartar mutum ya tuge wayoyin da ke cikin bango ya koma mara waya ba. Kebul ba a toshe masa sigina, ba ya kuma neman sauyin batir. Abin da ya fi cancantar sauyi shi ne akwatin da ba ya iya aika saƙo sai ta layin tarho, da na'urar aika saƙo mai dogaro da 2G ko 3G, waɗanda kamfanonin sadarwa ke rufewa a ƙasashe da dama. A Amurka manyan kamfanoni sun kashe 3G a 2022, kuma duk na'urar da ba a sauya ba ta ci gaba da kuka a gida ba tare da cibiyar sa ido ta ji komai ba.

Wajen sayen sabo, duba ko an rubuta darajarsa a ƙarƙashin ƙa'idar Turai ta EN 50131, wadda ta kasa na'urori daraja huɗu. Daraja ta 2 ta ishi gida na yau da kullum, ta 3 kuma ta wuraren da ake tsammanin ɓarawo mai kayan aiki da sanin makama. Na'urar gano hayaƙi idan ta kai shekara 10 a sauya ta, ko da tana amsa gwaji.

3. Zaɓar inda akwatin zai zauna

Nan ne rabin aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Wurin da kake nema ya cika waɗannan sharuɗɗa: yana cikin tsakiyar gida, nesa da duk ƙofar da ke da jinkirin shiga; ba a hango shi ta taga; baƙo da mai aikin gyara ba sa wucewa ta nan; yana da ƙofa mai kulluwa; babu danshi ko zafi mai tsanani; kuma akwai sigina ta waya. Ƙaramin ɗakin ajiya, ƙarƙashin matakala idan a rufe yake, ko saman durowar bango a wani ɗaki na ciki, duk suna yi.

Akwai wuraren da ake yawan zaɓa bisa kuskure. Gareji: ƙofarsa yawanci tana da jinkiri mai tsawo, kuma cike yake da guduma da ƙarafan da ɓarawo zai ɗauka a wurin. Kusa da mita ko allon rarraba wuta: nan ne wuri na farko da ake dubawa. Babban ɗakin mai gida: nan ɓarawo ke dosa tun farko don kuɗi da gwala-gwalai, sai ya yi tuntuɓe da akwatin a banza. Cikin silin kuma zafin kwano yana cin batirin gubar da ake sa wa waɗannan akwatuna, wanda ya fi son yanayi na kusan digiri 20 zuwa 25, kuma duk wurin da sai da tsani ake kai masa, ba za ka riƙa duba shi ba. Kada kuma ka manna shi a bangon da ɗaya fuskarsa ke waje idan bangon na katako ne ko siriri.

Kafin ka huda bango, tsaya a wurin da na'urar aika saƙon a kunne ka duba ƙarfin sigina a jikinta. Sandunan wayar hannunka ba su isa shaida ba, musamman idan layin ba ɗaya ba ne. Ka tuna kuma ƙarfe yana tare igiyar rediyo. Eriyar 4G da mai karɓar siginar sensa mara waya dole su zauna a wajen akwatin ƙarfe, amma cikin ɗakin da aka kare.

Idan naka irin wanda aka haɗe komai wuri guda ne, wato allon taɓawa, jiniya, batir da na'urar aika saƙo duk cikin roba ɗaya, ba za ka iya raba su ba. Mafita ita ce ka ɗauke shi gaba ɗaya zuwa ɗaki na ciki, ka sayi ƙaramin allon lambobi na biyu ka sa a bakin ƙofa, sannan ka kashe ƙarar jinkirin shiga a jikin babban, ya zama ƙaramin ne kaɗai ke ƙara. Mai haya da ba a yarda ya huda bango ba, shi ma wannan hanyar ce tasa.

4. Kashe wuta da ƙaura

Cire taransifoma daga soket, ko ka kashe fiyus ɗin da ke ba akwatin wuta, sannan ka zare wayar batir. Idan wutar gida kai tsaye take shiga akwatin, wannan sashen na ƙwararren mai gyaran wuta ne. Ɓangaren 12V ba ya kisa, amma na wutar gida yana yi. Ko batirin ma, idan sukundireba ya haɗa bakunansa biyu zai yi tartsatsin da zai ƙona hannu.

Gargaɗi: jiniyar waje mai batirin kanta za ta fara ihu da zarar ta daina samun wuta daga akwatin, domin haka aka gina ta. Duba littafin ko akwai yanayin gyara da ke sa ta yi shiru, ka kuma sanar da maƙwabta tukuna.

Kafa sabon akwatin da sukuru huɗu cikin bango mai ƙwari, yadda maɓallin tamfa na baya zai danne sosai. Kebul su shigo ta bayan akwatin, ko ta cikin bututu, kada a bar su a fili. Idan tsoffin wayoyin ba su kai sabon wurin ba, akwai hanya biyu. Ko ka mayar da tsohon akwatin wurin haɗi, ka ƙara tsawon wayoyin daga nan da mahaɗa masu sukuru ko dalma, ka bar maɓallin tamfarsa yana aiki. Ko ka sa allon faɗaɗa shiyyoyi a tsohon wurin, ka ja kebul guda mai zare huɗu zuwa sabon. Ta biyun ta fi tsafta, kuma idan aka yanke wannan kebul ɗin akwatin zai gane nan take. Tsohon akwatin da aka bari a inda yake yana da wani amfani: ɓarawo zai ɓata lokacinsa a kansa yana zaton ya gama da na'urar.

Murɗa wayoyi biyu a naɗe da tef ba haɗi ba ne. Bayan 'yan watanni zai fara tayar da ƙararrawar ƙarya da tsakar dare. Ka kuma nisanta kebul ɗin ƙararrawa daga na wutar gida da kamar santimita 30, in ya zama dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

5. Resistar ƙarshen layi

Wannan ɗan abu ne da ba ya kai ƙwayar shinkafa biyu, amma shi ne ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo. Akwatin yana auna juriyar kowane layi. Idan ya ga adadin resistar, ya san ƙofa a rufe take kuma waya lafiya. Idan adadin ya canza, wani abu ya faru. Domin wannan ya yi aiki, dole resistar ta kasance a can jikin sensar, a ƙarshen layin. Masu haɗawa da yawa don neman sauƙi sai su ɗaure ta cikin akwatin. Sakamakon shi ne, idan wani ya haɗe zaren biyu a tsakiyar hanya, ko ƙusa ta huda kebul ɗin, akwatin zai ci gaba da ganin adadin da yake so, ƙofar kuma ta zama ba mai gadinta, ba tare da kowa ya sani ba.

Idan ka buɗe akwatinka ka ga resistoci a jere a bakin sukurori, mayar da su jikin sensa. Adadin ya danganta da kamfani: akwatunan DSC suna amfani da 5.6k (wato ohm 5,600), Honeywell Vista kuma 2k. Kada ka yi amfani da na tsohon akwati a sabo sai ka duba littafin. Idan akwatin ya yarda da resista biyu a layi ɗaya, zaɓi wannan, domin da shi yake bambanta abu huɗu: lafiya, an buɗe, an yanke waya, an haɗe waya. A DSC, misali, 5.6k lafiya ne, 11.2k kuma an buɗe. Auna kowane layi da mita kafin ka ɗaure shi, ƙofa a rufe sannan a buɗe.

Idan maganaɗisun a binne yake cikin katakon ƙofa kuma ba a iya ciro shi ba tare da ɓarna ba, sa resistar a wuri mafi kusa da shi da hannunka zai kai. Ya fi barin ta cikin akwati.

6. Kewaye akwatin da shiyyar gaggawa, ka rage jinkiri

Sa maganaɗisu a ƙofar ɗakin da akwatin yake, da sensar motsi a ciki tana kallonsa. Saita su biyun a matsayin shiyyar gaggawa, wadda ba ta jira ko daƙiƙa ɗaya. A kula da wani nau'in shiyya da ake kira mai bin baya: ita takan jira idan an fara buɗe ƙofar shiga, domin mai gida ya wuce zuwa allon lambobi. Tana da amfani a zaure da farfajiyar ciki, amma idan ka sa ta a ɗakin akwati ka ba ɓarawo hanya kyauta. Maɓallan tamfa kuma a sa su a shiyyar awa 24, mai aiki ko an ɗana ko ba a ɗana ba, tunda wanda ya shigo da rana da sunan gyara ma yana iya buɗe murfi.

Sensar motsi ana kafa ta a tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, kuma ta fi gane mai gittawa ta gabanta a kan mai tunkaro ta kai tsaye. Kada ta fuskanci taga, na'urar sanyaya ɗaki ko wani abu mai zafi.

Sai jinkiri. Ƙofa ɗaya tak, ko biyu in ya zama dole, za a ba jinkirin shiga, sauran duk gaggawa. Auna da agogo daƙiƙa nawa mafi jinkirin mutanen gidan yake ɗauka daga ƙofa zuwa allon lambobi, ka ƙara kaɗan. EN 50131 ba ta yarda ya wuce daƙiƙa 45 ba, kuma 30 ta ishi yawancin gidaje. Akwai jinkiri na biyu da mutane ba su san da shi ba, wanda ke tsakanin tashin jiniya da fitar saƙo, an sa shi don rage kiran ƙarya. Duba shi, ka rage shi iyakar abin da cibiyar sa idonka ta yarda.

Tambayi kamfanin kuma ko suna da tsarin da ke aika saƙon share fage da zarar an buɗe ƙofa. A irin wannan tsarin, idan lokaci ya cika ba a ji an kwance na'urar ba, kuma akwatin ya yi tsit, sai a ɗauka an fasa shi, a tayar da ƙararrawa daga can. Ga mai akwatin da aka haɗe komai wuri guda, wannan ba abin wasa ba ne.

7. Hanya biyu ta aika saƙo

Layin tarho da kebul ɗin intanet duk daga waje suke shigowa, kuma filaya ɗaya ta ishe su. Haɗa akwatin da rauta (na'urar rarraba intanet a gida) ta kebul, ba ta Wi-Fi ba in da hali, sannan 4G ya zama madadin. Kunna sa ido a kan hanyoyin biyu, wato na'urar ta riƙa gaisawa da cibiyar lokaci zuwa lokaci, idan gaisuwar ta yanke a sanar da kai. Tazarar awa 24 ta yi yawa, nemi ta mintuna. Inda kebul ya shigo gida, rufe shi da bututun ƙarfe har sama da inda hannu ke kaiwa.

Wanda ba shi da cibiyar sa ido, saƙon ya riƙa zuwa wa mutum biyu ko uku, kuma aƙalla hanya ɗaya ta zama kira, domin sanarwar manhaja ba ta tayar da mai barci. Idan layin na biyan kuɗi kafin amfani ne, sa tunatarwa, domin kamfanoni suna rufe layin da ya daɗe ba motsi.

8. Batir da wuta

Ɓarawo na iya kashe wutar gidan daga waje ya koma ya jira. Don haka lissafa abin da batirinka zai ɗauka. Tara abin da kowace na'ura ke ja, yana rubuce a takardarta. Misali: allon lantarki 100mA, allunan lambobi biyu 120mA, sensar motsi shida 90mA, na'urar aika saƙo 90mA, jimla 400mA, wato 0.4A. Awa 12, wanda shi ne mafi ƙarancin daraja ta 2, zai ci 4.8Ah. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda tsufa da jiniya, ya zama 6Ah, ka ga 7Ah ya isa. Mai son awa 24 yana buƙatar kusan 12Ah, amma ya fara duba ko cajar akwatin za ta iya cika babban batir. In ba za ta iya ba, sai a ƙara akwatin wuta na daban mai nasa batirin da nasa tamfar, a ɗakin da aka kare.

Batir yana caji ya kamata mita ta nuna kusan 13.6 zuwa 13.8V. Wannan adadin na caja ne, ba shaidar lafiyar batir ba. Gwajin gaskiya shi ne ka cire wutar gida, ka tayar da jiniya, ka ga ko zai faɗo ƙasa da 12V da sauri. Rubuta ranar da ka sa shi a jikinsa, ka sauya shi bayan shekara 3 zuwa 5, ko ƙasa da haka idan ana yawan ɗauke wuta. Rauta da na'urar naɗar hotunan kyamara su ma a ba su batirin ajiya, na'urar naɗar kuma a ɓoye ta kamar yadda aka ɓoye akwatin. Wajen mayar da wuta, wasu samfura batir ake fara haɗawa, wasu wutar gida, bi littafinka.

9. Lambobin sirri, manhaja da rauta

Akwatuna da yawa suna fitowa daga masana'anta da 1234 a matsayin babbar lamba. Lambar mai haɗawa ma sananniya ce, 5555 a DSC da yawa, 4112 a Vista, kuma duk suna cikin littattafan da kowa ke saukewa kyauta. Barin su kamar rufe ƙofa ne a bar makulli a jikin kwaɗo. Sauya duka biyun, ka koma lamba shida idan akwatin ya yarda.

Kowa a gidan ya samu lambarsa, domin rajistar na'urar ta nuna wa ya kwance ta kuma yaushe. Mai aiki a ba shi lamba mai iyakar lokaci, a goge ta ranar da ya bar aiki. Saita lambar tilas, wadda ke kwance na'urar kamar komai lafiya amma ta aika saƙo a ɓoye, ka kuma tabbatar mutanen gida sun haddace ta. Kunna kulle allon bayan an yi kuskure sau da yawa. Ka dubi maɓallan tsohon allonka ma: idan huɗu sun goge sauran suna sheƙi, sun riga sun faɗi rabin sirrinka.

A ɓangaren intanet, manhajar ta samu kalmar sirri mai tsawo da ba a amfani da ita a ko'ina, da tabbatarwa mataki biyu. A rauta, sauya kalmar sirrin shiga saiti, kashe UPnP (saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu hanya zuwa intanet), rufe duk ƙofar intanet (port) da aka buɗe wa kyamara zuwa waje, yi amfani da tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, ka ware kayan tsaro a hanyar da baƙi ba sa hawa. A 2016 mugunyar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kyamarori da na'urorin naɗa, ta hanyar gwada kalmomin sirrin masana'anta kusan sittin kawai. Sabunta manhajar cikin na'ura duk lokacin da kamfani ya fitar, idan kuma ya daina fitarwa, lokacin sauya kayan ya yi.

10. Idan akwai sensa mara waya

Tsofaffi da masu araha, musamman na zangon 433MHz masu lamba ɗaya da ba ta canzawa, ana iya naɗar siginarsu a maimaita, har da ta rimot ɗin kwancewa. Nemi masu ɓoye saƙo da AES, masu magana ta fuska biyu da akwatin, masu sauya zango. Cikin saiti kunna gano toshe sigina, wanda a samfura da dama a kashe yake zuwa, da kuma sa ido a kan kowace sensa. Duk da haka, ɗakin akwatin da babbar ƙofa ka ja musu waya in da hali. Rimot kuma ka cire shi daga jikin makullin gida, ko ka hana shi ikon kwancewa, domin wanda ya tsinci ɗaya ya tsinci duka.

11. Jiniya

Ta ciki kada ta zauna kusa da akwatin, ƙararta za ta ja ɓarawo zuwa wurin. Sa ta a wani sashe na gidan, guda biyu ma sun fi. Ta waje a kafa ta can sama, kebul ya shiga ta bayanta kai tsaye cikin bango, mai batirin kanta da tamfa. Iyakance tsawon kukanta daidai da dokar inda kake.

12. Gwaji irin na ɓarawo

Da cibiyar a yanayin gwaji, bi kowace sensa da ƙafa tukuna. Sannan ɗana na'urar, fita, shigo ta babbar ƙofa, kada ka taɓa allon lambobi, ka ruga zuwa ɗakin akwatin wani yana riƙe da agogo. Jiniya ta tashi kafin hannunka ya kai ga murfin, kuma saƙo ya riga ya fita. Idan ka kai gare shi cikin shiru, koma mataki na 6.

Daga nan zare kebul ɗin intanet ka tayar da ƙararrawa, ka ga ko ta fita ta 4G. Mayar da shi, cire eriya ko layin, ka sake. Zare allon lambobi daga bango yayin jinkirin shiga, akwatin ya ci gaba da ƙirga ya yi kuka. Buɗe murfin akwatin ba a ɗana ba, tamfa ta kai ƙara. Kashe wutar gidan daga babban makunni, ka bar na'urar a kan batir na wasu awanni kana aunawa. A ƙarshe kira cibiyar su karanto maka saƙonnin da suka iso da lokutansu, ka gwada da abin da ka rubuta. Idan ƙofar ɗakin akwatin ko wata ƙofa ta samu sabon makulli na lantarki, tabbatar ana iya fita daga ciki ba tare da wuta ko lamba ba, saboda gobara.

Taswirar shiyyoyi da hotunan wayoyi ka ajiye kwafi ɗaya cikin akwatin domin mai gyara na gaba, ban da lambobin sirri. Makullin akwatin kada a ɗora shi a samansa. Maimaita gwajin tafiya duk wata uku, gwajin hanyoyin saƙo da na batir kuma sau biyu a shekara, da duk lokacin da aka sauya rauta, layi, ko aka yi gyaran da ya taɓa bango ko silin.